Ashe Ran Lebura Naira 5,000 Ne?

Ranar Asabar, 18 ga watan Janairu na 2025, wata tankar man fetur ta kife a mahaɗar Dikko, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, tafiya kaɗan daga garin Suleja. Aka kawo wata tankar domin a juye man a cikinta, aka tayar da janareta a gefen fetur ɗin da ke malala a ƙasa, jama'a kuwa sun yi dafifi da jarkoki da bokitai. Nan take wuta ta tashi. Cikin 'yan kwanaki hukumomi suka ƙidaya mutum 98 da suka riga mu gidan gaskiya, ban da waɗanda aka kwantar a asibiti da ƙuna.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. Manya suka yi ta aiko da ta'aziyya, sa'an nan suka juya kan talaka da wa'azi, wai kwaɗayi ne ya kashe shi. Babu mai hankalin da zai ce ɗibar fetur a bakin titi dabara ce. Ganganci ne, kuma tilas a faɗa. Amma an bar jaki ana dukan taiki. A wancan lokaci bakin titin Dikko ya zama wurin aiki, mutanen da suka kawo janareta kuwa aiki aka sa su. Wa ya sa su? Wa ya koya musu yadda ake juye mai? Ko kuwa babu wanda ya taɓa gaya musu cewa tururin fetur ba ya jiran ashana, tartsatsi ɗaya ya ishe shi? Waɗannan tambayoyi ba su sami wurin zama a cikin saƙonnin ta'aziyya ba, domin amsarsu tana kai mutum ga ƙofar masu hannu da shuni.

Wutar Dikko an gan ta, an ɗauki hotonta, duniya ta ji. Akwai kuma wata wutar da ba ta da harshe, ba ta da hayaƙin da za a hango daga nesa, wadda take cin leburori ɗaya bayan ɗaya a Suleja, da Ikko, da Badun, da Fatakwal, ba tare da ko gwamna ɗaya ya sa baƙin tabarau ya je jaje ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne aiki ke kashewa a duniya kowace shekara. Daga cikinsu wajen 330,000 ne kawai ke mutuwa ta hanyar haɗari irin wanda ido ke gani. Sauran, watau wajen miliyan 2.6, cuta ce ke ɗauke su, cutar da suka kwaso a wurin neman abinci. A taƙaice, a duk ma'aikacin da inji ko gobara ta kashe, akwai kusan takwas da ƙura, da hayaƙi, da guba, da tsawon awoyin aiki suka kashe a kan tabarmarsu.

Suleja gari ne da ya kamata a yi wannan magana a kansa. Shi ne asalin Abuja, garin da sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan sun baro Zariya, wanda ya bayar da sunansa da wani yanki na ƙasarsa ga sabon babban birnin tarayya bayan 1976, ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin Suleja ta zama bayan gidan Abuja. A can ake cin tuwo, a nan ake hura wuta. Bulo, da ƙofofin ƙarfe, da kujeru, da burodi, da ruwan leda, ana yin su a Suleja da Madalla da Kwamba da Gauraka, a ƙananan masana'antun da ke cikin lunguna, sa'an nan a loda su a mota da asuba. Garin kuma yana da tsohon tarihin sana'a. A nan ne Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a nan ne Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta zama mace ta farko a wurin, har ta kai ga hotonta yana bayan takardar Naira 20. Ƙasar da ta ga ya dace ta sa maginiyar tukwane a kan kuɗinta, ita ce kuma ba ta damu ta san abin da ke cikin huhun masu niƙa dutse da masu gaurayar siminti a garin maginiyar ba.

A ɗauki ƙura tukuna, tun da ita aka fi rainawa. Ƙurar da ke tashi in ana fasa dutse, ko ana yanka tayil, ko ana tankaɗe yashi busasshe, ba irin ƙurar hunturu ba ce da ake fyacewa ta fita. Garin dutse ne mai laushi ƙwarai, wanda ido ba ya gani, yakan shige can ƙarshen huhu ya zauna. Huhu ya yi ta yin tabo a kewayensa, ya yi tauri, har ya daina buɗewa. Ba ya nuna kansa a wata ɗaya ko shekara ɗaya; sau da yawa sai bayan shekara goma ko fiye. Ran nan sai a ga ƙaton da a da yake ɗaukar buhun siminti da hannu ɗaya ya kasa hawa matakala uku ba tare da ya tsaya haki ba. Ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Shi ya sa sau da yawa ake yi wa mai ita maganin tarin fuka wata da watanni, ba a tambaye shi aikin da ya yi ba. A lokacin ya riga ya bar Kurmi ya koma ƙauye, mai kamfani ma bai san sunansa ba. A gida a ce iska ce, ko sammu, a sayar da akuya a kai wa mai magani. Alhali kuwa da an riƙa zuba ruwa a kan dutsen sa'ad da ake yanka shi, da mafi yawan ƙurar ba ta tashi ba. Ruwa! Tsumman da lebura ke ɗaurewa a hanci kuwa, kwantar da hankali ne kawai. Wannan ƙura tana ratsa shi kamar yadda iska ke ratsa zana.

Ƙara ma haka. Masana sun sa iyaka a kan ma'aunin ƙara 85 na tsawon awa takwas, amma ba sai lebura ya mallaki na'ura ba: in mutum biyu na tsaye da nisan kamu biyu a tsakaninsu, sai ɗaya ya ɗaga murya ɗayan ke ji, to kunne na lalacewa. Jijiyar ji in ta mutu ba ta dawowa. Mai injin niƙa, da mai zarton katako, da mai kwana kusa da janareta, duk sai su wayi gari suna cewa "na'am?" sau uku, 'ya'yansu na dariya wai tsufa ya zo. Mai walda da ke aiki da tabarau na kwalliya maimakon gilashin walda yakan kwana idonsa kamar an zuba yashi, ya ɗiga abin da ya samu, gobe ya koma. Janareta kuma da ake shigarwa cikin ɗaki don tsoron ɓarayi yana fitar da wata iska marar wari, marar launi, wadda ke sa mutum barcin da ba a farkawa.

Amma babu abin da ya kamata ya tayar da hankalin 'yan Arewa mazauna Kudu kamar dalma. Jihar Zamfara ta binne yara fiye da 400 a 2010 saboda gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A 2015 abin ya maimaita kansa a Jihar Neja, a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi, inda yara 28 suka rasu. Wannan dalma ita ce dai a cikin tsohon batirin mota. Su wa ke yawo da kura suna sayen tsohon batir a titunan Ikko? Su wa ke fasa shi da adda su zubar da ruwansa, su loda, su sauke? Kowa ya san amsa. A 2025 'yan jarida suka sa aka gwada jinin mutum 70 a Ogijo ta Jihar Ogun, garin da ke cike da masana'antun narka batir, aka tarar bakwai cikin goma suna da dalma a jini fiye da kima, kuma babu ma'aikaci ko ɗaya cikin waɗanda aka gwada da ya kuɓuta. A wannan shekarar hukumomi suka rufe wasu daga cikin masana'antun. Dalma ba ta tsayawa a wurin aiki. Tana bin riga, da takalmi, da gashi, da ƙarƙashin farce, ta isa ɗakin haya, ta shiga kwanon da yaro ke cin abinci. Uba ya yi fama da ciwon ciki da kasala da mantuwa. Ɗan kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ke taɓuwa, taɓuwar da ba ta gyaruwa.

To, ko babu doka ne? Akwai, kuma tsohuwa ce. Turawa sun bar dokar masana'antu tun 1955. Gwamnatin soja ta sake ta da Doka ta 16 ta 1987, wadda aka shigar cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Wanda ya karanta ta zai yi mamaki, domin kusan babu abin da ta bari. Ta ce a yi wa kowace masana'anta rajista. Ta ce duk wani sashe na inji mai haɗari, da bel, da ƙafar da ke juyawa, a yi masa murfi. Ta hana a sa sabon ma'aikaci a kan inji sai an koya masa, an kuma sa mai lura da shi. Ta ce a fitar da ƙura da hayaƙi daga ɗakin aiki, a ba da kayan kariya na jiki da na ido, a tanadi ruwan sha da wurin wanke jiki da akwatin magani. Ta ce duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, tilas a sanar da sufeton masana'antu a rubuce. Ta ba sufeto ikon shiga da rana ko da dare, da ikon tsayar da aiki. Kuma ta faɗa ƙarara cewa matuƙar akwai ma'aikaci a ciki, ba a kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba.

Wannan magana ta ƙarshe da jini aka rubuta ta. A 1911 gobara ta kashe ma'aikata 146 a wata masana'antar ɗinki a birnin New York na Amurka, mafi yawansu 'yan mata 'yan ci-rani, saboda an kulle ƙofofi. A 2012 fiye da mutum 250 suka ƙone a wata masaƙa a Karachi ta Pakistan, tagogi da ƙarafa, ƙofofi a rufe. Nijeriya ma ta ba da nata kason. A watan Satumba na 2002 wuta ta kama wata masana'antar roba a Odogunyan, Ikorodu, cikin dare, ta kashe gomman ma'aikata. Waɗanda suka tsira da ƙungiyoyin ƙwadago sun ce an kulle su a ciki don kada su saci kaya. Shekara 18 bayan haka, a watan Yuni na 2020, 'yan sanda suka shiga wani kamfanin shinkafa a Challawa ta Kano suka fito da ma'aikata 126 da aka tsare a ciki wajen wata uku lokacin kullen korona. Wannan a Kano ne, ba a Kurmi ba, don kada wani ya ɗauka zalunci yana da ƙabila.

A nan akwai magana mai ɗaci da ta shafi mai karatu kai tsaye. A masana'antu da yawa na Kudu, mutumin da ake miƙa wa kwaɗo da makulli da dare, a ce ya rufe kada kowa ya fita sai safe, mai gadi ne, mai gadin kuwa sau da yawa ɗan Arewa ne. Shi yana ganin amana yake riƙewa. Ran da wuta ta tashi, manaja na gidansa yana barci, makullin kuwa a aljihun mai gadi za a same shi, shi za a fara kamawa. Ya kamata kowane mai gadi ya san cewa umarnin kulle mutane a ɗakin aiki umarni ne na karya doka, kuma amanar rai ta fi amanar buhu.

In doka ta yi kyau haka, me ya hana ta aiki? A duba tarar da ta yanka. Mai masana'antar da sakacinsa ya jawo mutuwar ma'aikaci ko raunata shi, hukuncinsa tarar da ba ta wuce Naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka. A 1987 wannan kuɗi ne mai nauyi, domin mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne a wata, watau tarar ta kai albashin wata 40. A 2024, lokacin da aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, tarar tana nan yadda soja suka rubuta ta, ta koma ladan kwana biyu. Wane ɗan kasuwa ne zai kashe dubban ɗaruruwa wajen sa wa inji murfi, in ya san kuɗin karya doka bai kai na cika tankin motarsa ba? Shari'ar Musulunci, wadda yawancin masu karatun wannan shafi suka tashi a cikinta, ta sa diyyar kisan kuskure raƙuma 100, ta sa raƙuma goma a kan kowane yatsa ɗaya. Gaskiya ne tara daban, diyya daban. Amma tara ita ce ke nuna nauyin laifi a idon hukuma, kuma hukumar da ta bar ta haka shekara da shekaru ta riga ta faɗi abin da take ɗaukar lebura.

Sai kuma sufeto. Kundin tsarin mulki ya sa lafiyar ma'aikata a hannun Gwamnatin Tarayya, Ma'aikatar Ƙwadago kuma tana da ofis a jihohi. A tambayi mai gidan bulo a Suleja, ko mai gidan burodi a Agege, jami'ai nawa ke ziyartarsa. Zai lissafa masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma, da na jiha, da masu kuɗin allo, da masu kuɗin shara, kowa da rasit ɗinsa. A tambaye shi yaushe wani ya zo ya duba bel ɗin injinsa ko ya auna ƙurar ɗakinsa. Gwamnatin da ta san hanyar kowane lungu in kuɗi za ta karɓa, ba ta da hujjar cewa ta ɓata hanya in rai za ta tsare. Ziyarar da ke ƙarewa a ofishin manaja, da lemo mai sanyi da ambulan, ba dubawa ba ce, gaisuwa ce.

Masu masana'antu suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ƙarya ba. Suna cewa wutar lantarki ba ta tsayawa, man dizal ya yi tsada, haraji ya yi yawa, in aka matsa musu za su rufe, leburori su rasa abinci. Wahalar gaskiya ce. Amma masaƙun Kaduna da suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, ba murfin inji ne ya kashe su ba; fasa-ƙwauri ne da rashin wuta. Cire kwaɗo daga ƙofa nawa ne? Fitar da janareta waje nawa ne? Tiyon ruwa a kan dutse, da sabulu da bokiti a bakin ƙofa, da kashe inji kafin a sa hannu a gyara shi, wanne ne zai karya jari? Mafi yawan abin da ke kashe lebura ba rashin kuɗi ba ne, rainin ransa ne, da sanin cewa in ya faɗi akwai goma a bakin ƙofa suna jira.

Akwai kuma kalmar da ake rufe bakin kowa da ita: ƙaddara. Inji ya cinye hannun yaro, sai manajan da ko alwala bai iya ba ya ce haka Allah ya so. Mumini ba ya jayayya da ƙaddara, amma Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma addinin da ya koyar da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya. Da sakaci ba laifi ba ne, da ba a sa masa raƙuma ba.

Abin takaici, sau da yawa a zango ake kashe maganar. Kamfani ya aiko da kuɗin likkafani da na motar kai gawa, ko ɗan abin da za a ba mai rauni ya koma gida, a zauna gaban shugabannin al'umma, a ce a yi haƙuri, baƙo ba ya faɗa da ɗan gari, a shafa fatiha. Niyyar zaman lafiya ce, amma haƙƙin marayu ne ake yafewa ba da izininsu ba. Tun watan Disamba na 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, daga aljihunsa, ba daga ladan lebura ba. Ba ta tsaya ga masu takardar aiki ta dindindin ba; ta haɗa da lebura na wucin gadi, da na yini, da ɗan koyo. Ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, da kurumta, da haɗarin da ya faru a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye tana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Kuma dokar ta ce duk yarjejeniyar da aka sa ma'aikaci ya yafe wannan haƙƙi ba ta da ƙarfi. Sai dai tana da wa'adi: a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana bakwai, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. Saboda haka katin shaida na kamfani, da takardar albashi ko saƙon banki, da katin asibiti, da hoton wurin da abin ya faru, da sunayen shaidu biyu, sun fi kuɗin mota amfani. In kamfani ya ce bai san mutum ba, wai ɗan kwangila ne ya kawo shi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda irin wannan shari'a ce aikinta. Sarkin Hausawan da ya ajiye lauya ɗaya da magatakarda ɗaya don wannan ya yi wa jama'arsa abin da ya fi rawani.

Sauran aikin na 'yan majalisa ne. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata tun 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022. Majalisar Dattawa ta zartar da sabon ƙudurin lafiyar ma'aikata a 2012, amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa ba. 'Yan siyasa sun san hanyar Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Madalla, duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sukan zo da shinkafa da atamfa da alkawari. Idan sun zo, kafin a karɓi goronsu, a sa ɗaya daga cikin masu dungulmin hannu a sahun gaba, a tambaye su nawa ce tarar mai kamfanin da ya kashe lebura, da ranar da za su canza ta, da yawan sufetocin da za su tura Suleja da Ogijo, a kuma rubuta amsar a gabansu.